Hoton Kufai Ba Kayan Ado Ba Ne

A Turai akwai wata kasuwa da ta ƙi kwanta mini a rai. Ana buga tsofaffin hotunan majami'un da bama-bamai suka rusa a Yaƙin Duniya na Biyu, a sa musu firam, a sayar wa mai son ƙawata falonsa. Wani yaro mai tura finafinai a waya a nan kasuwar masu haƙar zinariya ta Tchibarakaten ne ya nuna mini irinsu. Ɗaya na babbar majami'ar Coventry ce ta Ingila, bayan ruwan wutar da jiragen Jamus suka yi wa garin a daren 14 ga Nuwamba 1940. Rufi ya zube, bango na tsaye, tagogi a wangame babu gilashi ko ɗaya. Hoton ya yi kyau, kuma kyawun nasa ne ya dame ni, domin a wannan dare fiye da mutum 500 suka mutu.

Ba cewa nake a ɓoye irin wannan hoto ba. Mutanen Coventry ma ba su share kufan ba; sun bar shi yadda yake, suka gina sabuwa a gefensa a 1962. A Dresden ta Jamus, wata majami'a da harin jiragen sama ya rusa a Fabrairun 1945 sai a 2005 aka gama tayar da ita, aka mayar da tsofaffin duwatsun da suka yi baƙi cikin sabon gini, kowa na ganinsu. Gicciyen da ke ƙololuwarta wani maƙerin Ingila ne ya ƙera, wanda mahaifinsa yana cikin matuƙan jiragen da suka kai harin. Wannan shaida ce, tana da suna da rana da masu ita. Amma a ɗauko ta a rataya bisa kujera don ta dace da launin labule, wannan cin fuskar mamata ne.

Mu nan bangonmu tamfol ne da kwano. Abin da za ka gani a shago shi ne hoton Ka'aba, ko kalanda, ko ɗan kokowa riƙe da takobi. Babu mai rataya kufai. Matsalarmu daban ce: ba mu ajiye komai.

Ni ɗan Damagaram ne. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, a kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka cinna wa majami'u wuta a garinmu, washegari abin ya kai Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45. Mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu. Ɓatancin ya ƙona mini rai kamar kowane Musulmi, amma maƙwabcin da muke sha a famfo ɗaya ba shi ya yi zanen ba. Hotunan bencina da suka zama gawayi sun yi ta yawo daga waya zuwa waya, sai wayoyin suka lalace, aka goge memori aka zuba waƙa. Tambayi samarin da ke shiga ramin zinariya yanzu, da wuya ka sami wanda ya taɓa gani. Haka ma hotunan harin 23 ga Mayu 2013 a barikin sojan Agadez da ma'adinin Somaïr na Arlit.

Wasu za su ce wannan fama miki ne. To, a ramukan nan Musulmi da Kirista, daga Cadi, Najeriya da Burkina, igiya ɗaya suke bi su sauka, kuma wanda ke sama shi ke riƙe da ran na ƙasa. Yaron da bai san yadda wutar 2015 ta tashi ba, shi ne mai sauƙin zugawa gobe.

Ina so a ware ɗaki ɗaya a Damagaram, da yardar masu majami'un, a rataya hotunan da sunan wuri da kwanan wata, da labarin Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu. A sa na babban masallacin Kano bayan harin 28 ga Nuwamba 2014 kusa da su. Duk wanda ke da irin hoton a tsohuwar waya, ya kai a wanke masa, ya rubuta rana da unguwa a bayansa, ya miƙa wa shugabannin majami'un.