Sinimar Palace: Ginin da ya raba kan mutanen Kano

A unguwar Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, aka gina gidan sinima na farko a cikin ganuwar birnin Kano. An rufe shi tun shekarun 1980, amma gardamar da ya tayar har yanzu ba ta kwanta ba.

Tarihin wannan gini, wanda aka sani da suna Palace, yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa birnin da ya zama cibiyar shirya finafinan Hausa ya rasa manyan wuraren nuna su.

Wajen ganuwa

Gidan sinima na farko da ya tsaya da ƙafarsa a Kano shi ne Rex, wanda wani ɗan kasuwa ɗan asalin Lebanon ya buɗe a shekarar 1937. Fili ne mai katanga ba rufi, kuma a wajen birni yake, a ɓangaren da baƙi suke zaune.

Wannan ba abin mamaki ba ne, domin Turawan mulkin mallaka sun kasa garin kashi-kashi. Birni na ƙarƙashin Sarki da alkalai, Nasarawa ta Turawa ce, Sabon Gari kuwa ta baƙi ce daga kudanci. Gidajen giya da na rawa duk a wajen ganuwa suke, sinima kuma ta shiga sahunsu. Tun daga nan ta ɗauki baƙin jinin maƙwabtanta a idon malamai da iyaye.

To sai dai akwai wani kallon da bai gamu da irin wannan ƙyama ba, wato majigi. Gwamnati ce take tura motoci zuwa garuruwan hakimai na karkara irin su Zakirai, a kafa farin ƙyalle a fili bayan faɗuwar rana, a nuna hotunan noma da tsafta da kiwon lafiya, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa. Kyauta ne, a bainar jama'a, kuma da sanin masu gari.

Gobarar El Duniya

A ranar 13 ga watan Mayun 1951, gobara ta tashi a gidan sinimar El Duniya ana tsakiyar kallo. Mutane 331 ne suka rasu daga cikin kimanin 600 da ke ciki. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya nuna cewa wutar ta faro ne daga ɗakin na'ura, inda ake ajiye faifan fim na wancan zamani mai saurin kama wuta.

Amma a cikin gari, da yawa sun ɗauki abin a matsayin azabar Allah a kan masu zuwa wurin. Jita-jita ta bazu cewa fim ɗin ya ƙunshi saɓo, har sai da hukuma ta fito ta ƙaryata.

A cikin wannan yanayi ne ake gina Palace. Duk da adawar malamai da matasan birni, Sarkin Kano Abdullahi Bayero bai hana aikin ba, aka kuma buɗe gidan a shekarar 1952. Matasa sun riƙa taruwa a ƙofarsa suna jifan masu shiga, har sai da aka girke 'yan sanda.

Abin lura shi ne, shekaru 15 ke nan ana kallon sinima a Kano ba a yi irin wannan tarzoma ba. Abin da ya harzuƙa mutane shi ne sinima ta tsallako ganuwa.

Daga sinima zuwa asibiti

Palace ta yi kusan shekaru 30 tana aiki. A tsawon lokacin ne finafinan Indiya suka sami karɓuwa sosai a Kano, aka kuma sami wasu gidajen kamar Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. Samarin ƙauye da ke zuwa cin rani birni sukan koma gida da labarin abin da suka gani a farin bango.

Duk da haka gidan bai taɓa wanke kansa a wurin maƙwabta ba, waɗanda ke kallonsa a matsayin matattarar 'yan daba da masu shaye-shaye. Alhaji Sabo Bakin Zuwo, wanda ya yi gwamnan Kano na watanni uku a ƙarshen 1983, shi ne ya rufe shi ya mai da ginin asibiti.

Sauran gidajen kuwa kasuwa ce ta kashe yawancinsu. Talabijin da kaset ɗin bidiyo sun kai kallo har cikin ɗaki, inda matan aure ma za su iya gani ba tare da sun fita ba. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo, a wannan sabuwar kasuwa ya fito.

Gardamar da ta ƙi ƙarewa

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, gwamnatin jihar ta dakatar da harkar finafinai na ɗan lokaci, sannan ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A shekarar 2016 kuma, gwamnatin tarayya ta janye shirinta na gina dandalin shirya finafinai a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, bayan da malamai da dama suka yi Allah wadai da shi.

Hujjar masu adawa a 2016 ta yi kama da ta 1952: tsoron cakuɗuwar maza da mata da lalacewar tarbiyya. Su kuwa masu goyon baya suna magana ne a kan aikin yi ga matasa da kuɗin shiga.

To amma akwai bambanci guda. A 1952, wanda ya hana gini ya hana kallo. A yau kuwa matashi a Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, yana iya kallon fim daga kowace ƙasa a wayar hannunsa, ba mai tsaron ƙofa, ba mai tacewa. Su ma masu shirya finafinan Hausa sun karkata zuwa YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014.

Wannan ya sa rashin zauren kallo ya zama asara ga ɓangarorin biyu. Mai fim ya rasa kuɗin tikiti, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar a ƙasashe kamar Indiya. Mai kishin tarbiyya kuma ya rasa wurin da za a iya sa wa ido, a ƙayyade abin da za a nuna da wanda zai shiga.

Saudiyya ta fuskanci irin wannan tambaya, ta kuma sake buɗe gidajen sinima a 2018 bayan fiye da shekaru 30 suna rufe. Ko Kano za ta samar da nata tsarin, wanda malamai da masu fim da iyaye za su amince da shi kamar yadda kakanninsu suka amince da majigi, wannan ita ce tambayar da ginin Jakara ya bari ba a amsa ba.