Amurka: Yadda Sanatoci 41 Kan Ɗaure Hannun Masu Rinjaye

A ranar 12 ga watan Nuwamban 2025 ne Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu a kan dokar da ta sake buɗe ma'aikatun gwamnatin tarayyar Amurka, bayan da suka shafe kwana 43 babu kuɗin gudanarwa. Dubban ɗaruruwan ma'aikata sun zauna babu albashi, an soke tashin jirage masu yawa, tallafin abinci da masu ƙaramin ƙarfi ke dogara a kansa ya sami tangarɗa. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai a ƙasashen waje shi ne, jam'iyyar Republican ta shugaban ce ke da rinjaye a majalisun dokokin biyu. To me ya hana ta zartar da kasafin?

Amsar tana cikin Majalisar Dattawa. Kujerunta 100 ne, kowace jiha tana da biyu, babba ce ko ƙarama. Kaliforniya mai mutane kusan miliyan 39 da Wayomin wadda ba ta kai dubu 600 ba, bakinsu ɗaya a zauren. Sanata yakan yi wa'adin shekara shida, kuma kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke fuskantar zaɓe duk bayan shekara biyu. Nijeriya ta ari wannan tsari a 1979, shi ya sa Kano da Bayelsa ke da sanatoci uku-uku a cikin 109.

To amma akwai wata al'ada da Nijeriya ba ta ɗauko ba, wadda Amurkawa ke kira filibasta. Ƙuri'a 51 ta isa a zartar da shirin doka, sai dai kafin a kai ga jefa ƙuri'ar dole a rufe muhawara, rufe muhawara kuwa sai da ƙuri'a 60. Ke nan sanatoci 41 na iya hana ruwa gudu. Tsarin mulki bai ambaci wannan ba ko a wuri ɗaya, ƙa'ida ce da majalisar ta gindaya wa kanta. A 1917 aka fara tanadin rufe muhawara da kashi biyu cikin uku, a 1975 aka rage zuwa 60.

A da, mai son tsayar da doka sai ya ji a jikinsa. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 a tsaye yana magana, don ya hana dokar kare 'yancin baƙar fata wucewa. Dokar 1964 mai irin wannan manufa sai da ta ci kimanin kwana 60 na zaman majalisa kafin a rufe muhawara da ƙuri'a 71. Tun daga shekarun 1970 kuwa, ba sai kowa ya bushe maƙogwaronsa ba. Ya isa kawai a san cewa ba za a sami 60 ɗin ba, sai a jingine batun a shiga wani. Wannan sauƙi ne ya mayar da makamin da a da ake zarowa jefi-jefi ya zama abin yau da kullum.

Jam'iyyun biyu sun sha ɓalle wa ƙa'idar reshe idan ta tsone musu ido. A 2013 'yan Democrat ƙarƙashin Harry Reid suka cire ta daga tabbatar da ministoci da alƙalan ƙananan kotunan tarayya. A 2017 'yan Republican ƙarƙashin Mitch McConnell suka rama, suka cire ta daga naɗin alƙalan Kotun Ƙoli. Akwai kuma wata kafa ta musamman ga wasu dokokin haraji da kashe kuɗi, wadda ta nan ne babbar dokar harajin Trump ta ratsa a watan Yulin 2025 da ƙuri'a 51 da 50, bayan da Mataimakin Shugaba JD Vance ya raba gardama.

Sai dai uwar bishiyar babu wanda ya yarda a sare ta. A Janairun 2022 'yan Democrat sun so sassauta ta saboda dokar zaɓe, amma biyu daga cikinsu, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, suka ƙi. A lokacin tsaikon 2025 Trump ne da kansa ya nemi a soke ta, shugaban masu rinjaye John Thune ya ƙi amincewa. Ana yawan kare ƙa'idar da cewa tana tilasta sulhu, amma lissafin ya fi kama da na tsoro: kowane sanata ya san rinjaye ba ya daɗewa a hannu ɗaya, kuma wanda ya ƙwace garkuwar abokin hamayya yau, gobe shi zai tsaya a fili.

A ƙarshe sanatoci takwas daga ɓangaren Democrat ne suka tsallaka, suka haɗu da 'yan Republican 52, aka cika 60 cif. Babban abin da suka samu game da tallafin inshorar lafiya, wanda a kansa aka yi rigimar, shi ne alkawarin za a kawo batun gaban majalisa. An kawo shi a watan Disamba, ya sami ƙuri'a 51, masu adawa 48, ya faɗi.