Idan Aiki Ya Ƙare, Me Zai Rage Maka? Darasi Daga Tsoho Mai Son Besbol

Bari in fara da faɗa maka gaskiya, mai karatu. Har zuwa zangon karatun da ya wuce ban san komai a kan wasan besbol ba, in ban da hular nan mai baki da samari ke kifawa a ka. Malaminmu na darasin aikin rediyo ne ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya nemo wani sharhin wasa na tarihi ya saurara, ya rubuto abin da ya koya. Kusan duk ajin suka nufi ƙwallon ƙafa. Ni kuwa son a ce na yi daban ya jefa ni YouTube, na faɗa kan wani faifai na ranar 8 ga Afrilu, 1974, daga birnin Atlanta na Amurka.

A daren ne Hank Aaron, baƙar fata ɗan ƙungiyar Atlanta Braves, ya make ƙwallo ta tsallake shingen fili karo na 715 a rayuwarsa ta wasa, ya zarce Babe Ruth da ya bar tarihi a 714. Kafin wannan rana ya sha wasiƙun zagi da barazanar kisa daga masu wariyar launin fata. Mai sharhi Vin Scully, wanda ya yi shekara 67 yana bayar da sharhin wasannin ƙungiyar Dodgers, ya sanar da bugun, sannan ya yi gum, ya bar ihun 'yan kallo ya cika rediyo. A kan wannan shirun na rubuta aikina, na kuma samu maki mai kyau, alhamdulillahi.

Amma abin da ya maƙale min a rai daban ne. Cikin 'yan kallon daren akwai gwamnan jihar Jojiya na lokacin, Jimmy Carter. Shekara 41 bayan haka, a 2015, kyamara ta sake hasko mutumin nan a filin wasan Braves. Yana da shekara 90, bai daɗe da sanar wa duniya cewa cutar daji ta kama shi ba, ga matarsa Rosalynn a gefensa, suna kallon wasa suna murmushi. Tsakanin waɗannan hotuna biyu ya hau mulkin Amurka ya sauka, ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 2002, ya zagaya duniya. Kujera ta zo ta tafi, ƙungiyarsa tana nan.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ke nan yau, ni da kai, ni da ke: ranar da aiki ya ƙare, waya ta daina ƙara, me zai rage mana?

Tukuna, bari in ɗan yi bayanin wasan, don kada in bar ka a duhu. Kowane ɓangare 'yan wasa tara ne a fili. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai riƙe da kulki ya yi ƙoƙarin make ta, in ya samu sai ya ruga ya zagaya tasha huɗu ya dawo inda ya fara, a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ana yin zagaye tara, kuma ba minti 90 ake ƙirgawa ba, sai an fitar da mai bugu na ƙarshe ake tashi. A babbar gasar Amurka ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 a kaka guda, kusan kullum tun daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba. Wanda ya yi nasara a bugu uku cikin goma, gwani ake kiransa. Ka ji fa, ya faɗi sau bakwai amma gwani ne. Wasa ne na haƙuri da jira, shi ya sa ya dace da rediyo, ya kuma dace da tsofaffi. Mutum na iya zama a baranda yana gyaran wani abu, sharhi na tafiya a gefe kamar hirar maƙwabci. Kuma abu ne da ake gada a gida. Mahaifiyar Carter, Lillian, sananniyar mai goyon bayan Dodgers ce, ƙungiyar da ta sa Jackie Robinson a fili a 1947, ya karya katangar da ta hana baƙaƙen fata shiga babbar gasar.

To, koma kan tsohon. A zaɓen 1980 Ronald Reagan ya kayar da shi mummunan kaye, ya lashe jihohi 44 cikin 50. A watan Janairun 1981 Carter ya tattara ya koma ƙauyensu, Plains, wanda mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Shekararsa 56 kacal. Ya tarar da kasuwancin gyaɗarsa cikin bashin da ya kai kusan dala miliyan ɗaya, dole ya sayar. Ka auna wannan hali. Jiya duniya na jiran maganarka, yau kana gida ba aiki, ga kunyar faɗuwa, ga bashi.

Me ya yi? Ma'aikatansa sun yi masa kyautar kayan kafinta lokacin bankwana, sai ya mayar da garejin gidansa shagon aikin katako. Ya riƙa ƙera kujeru da tebura da akwatuna da hannunsa. Ya riƙa zane, yana zuwa kamun kifi, ya rubuta littattafai sama da 30. Ranar Lahadi yana koyar da darasin addini a ƙaramar majami'ar garinsu. Daga 1984 shi da matarsa suka fara fita ginin gidaje ga marasa ƙarfi tare da ƙungiyar Habitat for Humanity. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, amma bai fasa zuwa wurin gini a Nashville ba, da kumburarren ido. Ya ci gaba da zama a gidan da suka gina tun 1961, aurensu ya kai shekara 77, kuma a harabar gidan aka binne su duka. Rosalynn ta rasu a Nuwamban 2023, shi kuma ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100.

Kar ka ɗauka labarin can nesa ne bai shafe mu ba. Tambayi kakarka mene ne kurkunu. A 1986, lokacin da cibiyar Carter ta shiga yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 na kamuwa da ita a shekara a Afirka da Asiya. Najeriya kaɗai ta ƙirga sama da mutum 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Carter ya haɗa kai da Janar Yakubu Gowon, shi ma wanda ya bar mulki, aka bi ƙauyuka ana koyar da tace ruwan sha. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu. Mu da aka haifa bayan 2000 ba mu ma san kamanninsa ba. Wani ɓangare na wannan sa'a tamu ya fito ne daga aikin mutumin da ya riga ya yi ritaya.

Yanzu bari in dawo gida. A layinmu akwai dattawa biyu da suka ajiye aikin gwamnati kusan lokaci guda. Na farko babban jami'i ne a da, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da motoci. Wata shida da ritaya, motocin suka ɗauke kamar ruwan bazara. Safiya ta yi ba shi da inda za shi. Ya koma faɗa da yara a kan fitila da famfo, iyalinsa suka fara kauce masa, hawan jini ya biyo baya. Ba mugun mutum ba ne, wallahi. Shekara 35 ofis ne abokinsa, ofis ne hirarsa, ofis ne sunansa, da aka karɓe ofishin sai ya rasa ko shi wane ne.

Na biyun kawuna ne, tsohon malamin firamare, fanshonsa bai taka kara ya karya ba. Amma tun yana saurayi yake kiwon tattabaru, yana da 'yar gonar zogale da yakuwa a bayan gida, kuma rediyonsa ba ta barin gefensa in ana wasan lig na gida. Bayan sallar asuba yana wurin tattabarunsa, da la'asar yaran unguwa na zagaye da shi ana musun ƙwallo. Na taɓa tambayarsa, “Kawu, ba ka gajiya da zaman gida?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, wane zama? Ni da rana ba ta isa ta.” Tsakaninsa da Carter akwai teku, akwai bambancin addini da na aljihu, amma dabararsu ɗaya ce. Dukansu sun shiga tsufa da abin da suke so tun ƙuruciya.

Ga ra'ayina kai tsaye. Abin sha'awar da zai riƙe ka a shekara 65 ba a shekara 65 ake nemansa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ina tsoron mu 'yan wannan zamani muna shirin tsufa mafi kaɗaici fiye da na iyayenmu, domin duk lokacin da ya kamata mu koyi wani abu da hannunmu, waya ta cinye shi. Shiga saitin wayarka yanzu ka duba awa nawa ka yi jiya a TikTok da Facebook. Na duba tawa, kunya ta hana ni rubuta adadin a nan. A cikin waɗannan awoyi me ka ƙera, me kika shuka, wane abu muka iya yau da ba mu iya ba bara?

Za ka ce ai muna son ƙwallo, har mun fi Amurkawa zafi. Haka ne, amma duba yadda son ya koma. Da yawanmu ba ƙungiya muke so ba yanzu, tikitin caca muke so. Wanda ya sa kuɗi a wasa ba kallo yake ba, lissafi yake, gabansa na faɗuwa. Wasu kuma suna canza ƙungiya duk lokacin da tauraronsu ya canza riga. Braves ta ɗauki kofin gasar a 1995, ba ta sake ɗauka ba sai 2021. Shekara 26 magoya bayanta na jira, tsohon nan na cikinsu. Irin wannan son yana koya wa mutum yadda ake faɗuwa a tashi a dawo gobe, ba kamar na caca ba da ke ƙarewa a bashi da ɓacin rai.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙasan wannan rubutu: “Malam, kana kwatanta mu da tsohon shugaban Amurka? Shi fanshonsa na shiga kan kari, ga masu gadi, ga likitoci. Babana layin tantancewa yake bi da sanda, wata da watanni ba a biya shi ba. Mai jin yunwa ina ya ga zane-zane?” Wannan magana gaskiya ce, ba zan kauce mata ba. Tattabara ba ta maye gurbin fansho. Haƙƙin wanda ya yi wa ƙasa aiki har ya kai shekara 60, ko ya cika shekara 35 yana hidima, a biya shi a kan lokaci, kuma mu masu data da baki a soshiyal midiya ya kamata mu riƙa ɗaga wannan murya fiye da yadda muke yi wa rigimar 'yan fim.

Sai dai ka lura da abu biyu. Na ɗaya, dattijon farko da na ba ka labari ya fi kawuna kuɗi nesa ba kusa ba, amma kawun ne ke barci da daɗi. Kuɗi na maganin yunwa, ba sa gaya wa mutum abin da zai yi da safiyarsa. Na biyu, a ƙasa irin tamu abin sha'awa kan zama abin dogaro. Watan da fansho ya makara, 'yan shila da zogale ne ke sayo wa kawu cefane. Ɗinki, saƙa, kafinta, gyaran lantarki, kiwon kaji, rubutu, haddar Alƙur'ani da koyar da shi, duk abubuwa ne da ke ba da nishaɗi yau, gobe su rufa asiri. Talaka ma ya fi mai kuɗi buƙatar su.

Akwai kuma gida. Shekara 77 na aure ba a banza suke zuwa ba. Carter da Rosalynn tare suke tattaki, tare suke kamun kifi, tare suke zuwa kallon wasa. Mu kuwa a ɗaki ɗaya ake zaune, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Mutumin da bai saba hira da iyalinsa yana da shekara 30 ba, ranar da ya yi ritaya zai dawo gida ne kamar baƙo.

Don haka ga roƙona, kuma da kaina na fara. A wannan makon ka zaɓi abu ɗaya da ba don like za ka yi shi ba, ba kuma don kuɗin yau ba, ka ware masa awa ɗaya a rana daga cikin awoyin waya. In tsohonku na raye, je ka zauna kusa da shi ka ce, “Baba, da kuna samari me kuka fi so?” Ke ma ki tambayi Mama. Za ka sha mamakin abin da za ka ji: wani ɗan dambe ne, wani gwanin langa, wata ta iya saƙar da babu mai yin irinta yanzu. In rediyonsa ta lalace, gyara masa. In ƙwallo yake so, ku kalla tare, ka ajiye wayar a aljihu.

Ni dai ranar Asabar ina gidan kawu, ya yi min alkawarin tattabaru biyu, mace da namiji, da sharaɗin ni zan haɗa musu akurki da hannuna. Ban taɓa riƙe guduma da sunan aiki ba, don haka a taya ni da addu'a. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa a biya su haƙƙinsu, mu kuma ya nuna mana tsufa mai amfani.