Kwalkwalin Kurungu Ba Ya Tare Dafi

Dagatai da masu unguwa, da ku manoman ƙasar Kakangi, ga wata magana a kan kurungu.

Duk wanda ya taɓa shiga su a kogin Mariga ya san kifin nan, in bai san shi da ido ba ya san shi da tafin hannu. Allah ya yi masa kwalkwali na ƙashi tun daga goshi har gindin ƙayar baya, sa'an nan ya ba shi ƙayoyi uku masu ƙarfi, ɗaya a bisa, biyu a gefe. In ya ji an taɓa shi sai ya miƙe su, su kulle, babban kifi ko tsuntsu ya rasa ta inda zai haɗiye shi. Kukan nan kuwa da ya ke yi cikin koma ba daga maƙogwaro ya ke fitowa ba, gindin ƙayar gefe ne ya ke gogawa cikin gurbinta. A Amurka ta Kudu akwai danginsa masu sulke har wutsiya, amma namu kwalkwali kaɗai ya samu, sauran jikinsa sumul ya ke.

Da damina, in kogi ya cika ya malala cikin fadama, can ya kan bi ya zuba ƙwai, 'ya'yan su yi kiwo cikin ciyawa. Da rani kuwa rafuffuka su kan tsinke, ruwa ya rage sai a gurabe masu zurfi. To, ku lura da wannan: kifin da zai haihu baɗi duk yana cikin guraben nan. Su ne rumbun iri.

Nan ne fa mu ke ɓarna. Tun kakanni a kan daka ganyen magimfa a zuba, kifi ya bugu ya taso. Daga baya aka sami Gamalin, maganin ƙwarin koko, wanda ƙasashen duniya suka shirya hana shi a 2009, sai masu son banza suka koma ga sauran magungunan feshin gona. Dafi ba ruwansa da kwalkwali, gama ta inda kifi ke numfashi ya ke shiga. Ya kashe babba, ya kashe ƙarami wanda bai kai yatsa ba, ya kashe 'yan tsutsotsin da kifi ke ci. Ruwan nan kuwa shi shanu za su sha da maraice, shi mata za su ɗiba.

Na san abin da za a ce mini: bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, miya tana son nama. Gaskiya ne, ni ma ɗan manomi ne. Amma ban taɓa ganin wanda yunwa ta sa ya daka irin dawarsa a watan shuka aka kira shi mai dabara ba.

A Argungu, inda a ke bikin su tun 1934, a kan hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar da aka buɗe, shi ya sa a ke fid da giwan ruwa wanda sai ƙato ke iya saɓawa. Mu ma nan En'e ta keɓe dajin Kamuku a 1936. Abin da aka yi wa itace lalle a iya yi wa ruwa, ba kuwa sai an jira takarda daga Kaduna ba.

Saboda haka ina roƙon kowane dagaci ya zauna da sarkin ruwa da dattawan masunta da kaka, kafin ruwa ya janye. Su zaɓi gurbi ɗaya mai zurfi, a yi shela a kasuwa ba mai jefa koma a ciki sai damina ta zauna. Sauran gurabe a yi su da koma da ƙugiya yadda aka saba, ban da dafi ko wane iri. Kurungun da bai kai tsawon tafin hannu ba a mai da shi ruwa, kada kuma yara su kakkarya masa ƙaya kafin su sake shi.