Ra'ayinmu: Taura biyu ba ta taunuwa

Jama'a, duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, zai ga ƴan lakkol zaune a bayan kanti da rumfunan iyayensu, kaye a cinya, wayar salula toshe a kunne. In aka tambaye su sai su ce ai da kiɗa karatu ya fi shiga. Wasu ma har cewa suke kiɗan Turawa irin na Mozart yana ƙara basira. Tunda ku ne masu biyan kuɗin makaranta da guminku, ya kamata mu faɗa muku gaskiyar lamarin.

Wannan zance ya samo asali ne a Amurka a shekarar 1993. A wata jami'a ta jihar Kaliforniya aka sa wa ɗalibai 36 kiɗan Mozart na minti 10, sannan aka yi musu gwajin siffofi, aka ga sun ɗan fi ƙoƙari. Amma a lura: sun saurara ne kafin gwajin, kuma amfanin ya gushe cikin minti 15. Duk da haka labari ya yi fiffike, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 ta Amurka domin ba kowane jariri faifan kiɗa. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa kiɗan yana ƙara wa kowa basira ba.

Abin da aka tabbatar daban ne. A 1989 masana biyu, Salamé da Baddeley, sun gwada mutane wajen riƙe lambobi a jere, suka gano waƙa mai baiti ta fi kiɗa zalla rikita mai ƙoƙarin tunawa. A 2014 kuma, a Kadif ta Birtaniya, aka ga waƙa mai kalmomi tana rage fahimtar abin da ake karantawa, ko mai karatun yana son ta ko ba ya so. Dalili a fili yake: mai karatu yana furta kalmomin ne a zuci, mawaƙi kuma yana zuba nasa ta kunne, duk ƙofa ɗaya suke bi. Yaronmu ma nasa nauyin ya ninka, domin darasin da Faransanci yake, waƙar fim kuwa da Hausar da ya tsotsa a nono. Kun san wadda za ta rinjaya.

Maganar ba ta tsaya kan yara ba. Faktir da sefa ake rubuta ta, mu kuwa da dala muke ciniki, kowane adadi sai an raba shi biyar a ka. Lambar salula guda 8 ce. A kuskure ɗaya wajen aika kuɗi, jarin mako ya tafi hannun wanda ba a sani ba. Littafin bashi ma haka: sifiri ɗaya ya isa ya raba abokan ciniki na shekara goma.

Mu ba maƙiya kiɗa ba ne. Ƙasar da ta haifi Ɗan Gurmu da Mamman Barka ba za ta raina makaɗa ba, kuma iyayenmu mata da waƙa suke daka, tela da rediyo yake ɗinki. Aikin hannu yana tafiya da waƙa, aikin kai yana son shiru. Inda hayaniyar kasuwa ta yi yawa, kiɗa marar baiti a hankali ya fi waƙa sauƙin illa.

Saboda haka muna kira ga alhazai da hajiyoyin kasuwa: a ware wa mai shirin BEPC ko BAC awa ɗaya bayan asuba ko bayan isha'i, salula a hannun uwa. In ya rufe kaye, a ce ya faɗi abin da ya karanta da Hausa. Wannan ko wanda bai shiga lakkol ba zai iya. Masu sayar da waƙoƙi su rage lasifika, masu biki su tuna da maƙwabta lokacin jarrabawa. Ku ma in za a ƙirga kuɗi, a kashe rediyo tukuna. Allah ya sa albarka a kasuwa da zuri'a, amin.