Mai jigida a Kebbi: Bin sawun harsashi ya fi baje kolin bindigogi

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, inda aka kashe mutum 15, hankali ya karkata ga irin makaman da ke yawo a dazukanmu. Wadda aka fi tsoro ita ce bindigar nan mai jigida.

Jamusawa ne suka fara wannan ƙira da MG34: bindiga ɗaya, ayyuka da yawa. Ana kafa ta a kan ƙafa biyu ko uku, ana girke ta a mota, kuma idan bututunta ya yi zafi a sauya shi nan take. Beljiyom ta fito da FN MAG a 1958, Tarayyar Sobiyet kuma ta fito da PKM a 1969, mai nauyin kilo bakwai da rabi kacal.

Wannan sauƙi shi ne matsalarmu. Abin da ake kwancewa gunduwa-gunduwa yana shiga buhu, ya hau babur, ya tsallako iyaka, kamar yadda makamai suka kwarara a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011.

Sai dai tana da lago: tana cin ɗaruruwan harsasai a minti guda. MAG da PKM ba harsashi ɗaya suke ci ba, kuma galibin kwanso na ɗauke da hatimin masana'anta. Kwanson da aka tsince a wurin hari zai taimaka wajen gano ko daga ƙetare ya fito, ko daga rumbun gwamnati.

Tambayar da ya kamata wakilan Kebbi su yi wa hukumomin tsaro ita ce: wa ke tattara kwanson, kuma ina sakamakon binciken?