A Fara Koyar da Umarnin Maimaici da Fensir

A Tukur-Tukur, nan Zariya, aka kafa Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945. Mai jera haruffa a maɗaba'ar kan sha wahala sau ɗaya wajen shirya shafi, sa'an nan inji ya buga shi sau dubbai ba gajiya. Irin wannan hikima ce ke cikin umarnin FOR na masu tsara manhajar kwamfuta, wanda za mu kira umarnin maimaici. Bambancin shi ne, inji abu guda yake ta bugawa, shi kuwa wannan umarni yana tafe da maƙirgi mai sauyawa a kowane zagaye.

Ga misali cikin harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a Amurka a 1964:

JIMLA = 0
FOR K = 1 TO 100
JIMLA = JIMLA + K
NEXT K
PRINT JIMLA

Layuka biyar kacal, amma sun tara lambobi ɗari, amsa ta fito 5050.

A ganina, yadda ake koyar da wannan darasi a yawancin makarantunmu na sakandare da gyara. Malami ya rubuta a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace. Ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. To, a tambayi ɗalibin nan abin da zai faru in an sauko da layin farko, aka sa shi ƙarƙashin FOR, sai ka ga ya yi zuru. Alhali amsar a fili take: kowane zagaye zai shafe abin da aka tara, a ƙarshe a sami 100 maimakon 5050.

Maganin ba ya buƙatar wutar lantarki. Ɗalibi ya ja layi ya raba takarda gida biyu, ɗaya na K, ɗaya na JIMLA. A rage aikin zuwa biyar, ya zama shi ne kwamfutar, yana rubuta abin da ya canza a kowane zagaye: 1, 3, 6, 10, 15. Wanda ya yi haka sau uku da hannunsa ya ga cikin na'ura.

Wasu malamai za su ce wannan koma-baya ne, ai sai da ruwa ake koyon iyo. Gaskiya ne, dole wata rana a zauna gaban na'ura, kuma yanzu wayar hannu ma tana iya gudanar da ƙaramar manhaja. Sai dai a tuna, a 1843 Ada Lovelace ta Ingila ta wallafa tsarin lissafi mai maimaici, cikin jadawali, domin injin Charles Babbage wanda ba a ma kammala ƙera shi ba.

Akwai kuma tarkon da jadawali ke saurin tonawa. A harshen Python, wanda ya fito a 1991, in ka rubuta range(1, 100), ƙirga na tsayawa ne a 99, jimla ta zama 4950. Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, za ta miƙo amsar kuskure cikin natsuwa. Ɗalibin da zai wuce Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya karanta kimiyyar kwamfuta zai yi ta gamuwa da wannan tarko. Saboda haka, malamai, kafin a buɗe ɗakin kwamfuta, a ware darasi biyu na takarda, kowa ya faɗi amsarsa tukuna, sa'an nan a danna maɓalli a gwada.